Ƙanin Hasan

Maamobi, Akra
Watan Rajab

Zuwa ga bawana Muftahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Fauziya da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai ƙafar Baba da ke tashi masa in hadari ya haɗu, da idon Kaka Amama da ya ƙara rufewa. Bakinta dai yana nan yadda ka san shi. Baba ya ce in gaya maka tun da ƙanwarsa Abiba ta rasu ka ɗauke ƙafa, kamar mu muka kore ka zuwa Kano.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu maimakon murya. Ka san gidan nan, ɗaki a jikin ɗaki, in na ɗaga waya a nawa matar ɗan'uwanmu Fataw ce ke ba da amsa daga nata. Shi ya sa nake rubutawa a rumfata a Kasuwar Malam Atta in ciniki ya lafa, in ɗauki hoton takardar in turo maka. Kuma kada ka kuskura ka yi wa Hausata dariya. Ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace, bawa ba ya gyara wa uwargijiyarsa rubutu.

Ka ce in tatso maka labarin zamanin Turawa daga bakin Kaka saboda littafin da kake rubutawa. Na yi iya yina. Ta ce lokacin da aka kawo ta Maamobi duk wajen nan ciyawa ce da rafi. Kakanmu Malam Zulkarnaini a lokacin ba malami ba ne, kuku ne a gidan wani Baturen safiyo, gwanin gasa burodi da miyar da ba yaji. Baturen ya tafi da shi Tamale awon ƙasa, damina ta wuce, wata ta wuce, ita tana nan amarya a gidan haya. A lokacin aka haifi Baba, aka raɗa suna uban yana can. Sai da Turawa suka tafi ya ajiye cokali ya ɗauki allo, ya gina masallacin ƙofar gida, wanda Baba ke limanci yau.

Har gobe Baba, da furfurarsa da rawaninsa, in ya sallame asuba sai ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta kafin ya sa komai a bakinsa. Ita kuma ta hau shi da faɗa a kan sukarin da yake zubawa a shayi, kamar ɗan yaye.

Ga wani abu da zai ba ka dariya. Ka san tsofaffin matanmu ba sa kiran sunan miji ko da wuƙa a wuya. Kakarka kuwa Zulkarnaini take cewa gatsau, kamar tana kiran mai gawayi, kuma an ce tun yana raye haka take. Amma akwai suna ɗaya da ban taɓa ji a bakinta ba, Husseini. Mai gyara mana famfo Husseini ne, mijin maƙwabciyarmu Husseini ne, dukansu Ƙanin Hasan take ce musu. Ko jikokin Annabi za ta ambata, sai ta ce Hasan da ƙaninsa. Na tambaye ta dalili, ta ce in je in duba tukunyata.

Ka gaida Fauziya, ka ce mata ta yi ta haƙuri da kai.

Uwargijiyarka,
Mubarika

Kano
Watan Sha'aban

Ranki ya daɗe, uwargijiyata Mubarika,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓin haƙori, ta kuma warware. Ki duba min ƙafar Kawu Sumaila, ki ce masa ina nan tafe in an yi hutun makaranta. Na karanta Hausarki ban yi dariya ba sai sau biyu.

Ba ki san abin da kika ba ni ba. Na daɗe ina jan littafin nan kamar jakin da ya ƙi tafiya, maganar sunan nan ce ta tashe shi. Na zauna ina tambayar kaina, wace mace ce za ta kira sunan mijinta ba kunya, ta kuma kasa kiran na wani? Daga nan labari ya zubo.

Ga yadda na tsara shi. Yarinya mai suna Zelia, matar kuku Saddique. Matar Bature ba ta yarda matan barori su bi su rangadi ba, sai aka bar Zelia a zango, cikin ruwan sama da sauro da idon maƙwabta. A zauren gidan akwai wani tela baƙo mai keken ɗinki, wanda ya ɗinka mata riga ba tare da ya auna ta ba, ta kuma yi mata cif. Da kuku ya dawo ya tarar da jariri, ya lissafa watanni a ransa, bai ce uffan ba. Bai sake ta ba, bai doke ta ba. Ya zauna da ita har tsufa, aure a tsaye amma ba rai a cikinsa, ba abin da ke haɗa su sai ruwan wanka da kwanon tuwo. Ita kuma ta ba tela abu ɗaya da take da iko da shi, ta daina kiran sunansa kamar yadda ake yi wa miji.

Duk wannan daga kaina na ƙago shi, kin dai san Kaka ba ta faɗa miki haka ba. Na sauya sunayen kowa. Ƙanin Hasan ne kawai na kasa taɓawa, don ba marubucin da zai iya ƙirƙiro irinsa.

Duk da haka ba na son in yi gaban kaina. Ki faɗa wa Kaka yadda labarin yake, ki nemar min izininta. In ta ce a'a, na ajiye shi.

Bawanki,
Muftahu

Maamobi, Akra
Watan Azumi

Muftahu,

Salamu alaikum, ya ibada. Ka yi haƙuri da gajeren rubutu, kasuwar azumi ba ta barin mutum ya sosa kansa, ga ruwa ya cika babban kwalbatin Nima har ya shigo mana tsakar gida. Kowa lafiya, Baba yana jan asham da ƙafar a haka.

Na faɗa wa Kaka. Na same ta tana tsince wake da lalube, na ba ta labarin Zelia ina dariya, na ce ga abin da jikanki na Kano ya mayar da ke. Da na zo wurin tela sai hannunta ya tsaya a cikin faifan. Can ta ce in kwantar da ita, ta juya fuskarta bango. Ranar ko kunun buɗa baki ba ta sha da kirki ba.

Ba ta ce a'a ba dai. Ni ban san me zan ce maka ba, wataƙila azumi ne ya galabaitar da ita. Ka ɗan dakata mu gani bayan salla.

Mubarika

Kano
Watan Zulƙida

Uwargijiyata,

Gaisuwa da fatan an yi salla lafiya. Shiru na ji ki tun azumi. Na rubuto sau biyu ba amsa, na kira ba ki ɗaga ba, na ce hala kasuwa ce.

Albishirinki, littafi ya fita. Tun da kin ce Kaka ba ta hana ba, kuma salla ta wuce ban ji wani abu daga gare ki ba, sai na ba wata yarinya mai daɗin murya ta karanta shi babi-babi, ana turawa a waya. Mubarika, ban taɓa ganin irin wannan ba. Mata suna kuka a kan Zelia, maza suna gardama a kan Saddique, wasu na cewa waliyyi ne, wasu na cewa ba mugu kamarsa. Har daga Yamai da Kumasi ana aiko min saƙo, ina jin ya iso ku ma.

Ki kunna wa Kaka babi na farko, ta ji yadda na kwatanta rafin Maamobi. Ki gaya min abin da ta ce.

Muftahu

Maamobi, Akra
Bayan babbar salla

Muftahu,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya, shi ke nan abin da zan iya cewa. Ban amsa maka bayan azumi ba don ɗana ya kwanta asibiti, hankalina duk yana can. Da ya samu sauƙi kuma na kasa ɗaukar biro saboda haushinka da haushin kaina.

E, ya iso mu. A kasuwa na fara jin sa, daga wayar mai sayar da busasshen kifi da ke kallon rumfata. Rana ta yi, mata sun taru suna saurare, sai muryar yarinyar nan ta ce Ƙanin Hasan. Mai kifi ta ɗago ta dube ni ta ce da Hausarta ta Akra, "Mubarika, wannan Zelia ba kakanka ba ne? Shi ma haka yake cewa." Na yi dariya na ce labari ne kawai, ɗan'uwana ne ya ari kalmar.

Ka sauya sunaye ka ce ka rufa asiri. A Kano wataƙila haka ne. A nan ba wanda ya san Kaka da Amama sai mu na gida, amma daga Nima har Kawukudi ba wanda bai san tsohuwar da ke cewa Ƙanin Hasan ba. Sunan da ka bari shi ne sunanta.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Akwai Hajiya Shifa ta Kawukudi, sa'ar Kaka, wadda tsufa ya cire wa birki a baki. A wajen wani suna aka kunna mata, ta saurara, ta ce wa ya faɗa wa yaron nan? Ta ce ai an yi tela a zauren gidan, Bazabarme dogo, sunansa Husseini. Ta ce satin da kuku ya dawo daga Tamale tela ya ɗaure kekensa ya bar gari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta kuma ce maganar da muka taso muna ji, wai kakanmu ya zo hutu a tsakani, ita dai ba ta gan shi ba, kuma ƙofarsu tana kallon tasu. Ka ga abin da ka ƙago daga kanka.

Yanzu mutane kallon Baba suke. Kakanmu gajere ne, ka tuna, mahaifiyarka ma haka. Baba kuwa sai ya sunkuya yake shiga masallacin. Shekara da shekaru ba wanda ya ga wannan, yau kowa ya gani.

Shi ne na ƙarshe da ya sani. Wani saurayi, cikin waɗanda suka daɗe suna son limancin ya koma hannunsu, ya tashi bayan la'asar ya yi tambaya wai don neman ilimi, ko ya halatta ɗan da ba na aure ba ya zama limamin kullum. Bai kira suna ba. Baba ya ba shi amsa daga littafi hankali kwance, sai da ya ga ba wanda ke iya haɗa ido da shi. Ya shigo gida ya ce Fataw ya ba shi wayar. Wuni guda ya yi a ɗaki yana saurare.

Tun daga ranar Bashiru ladan ke jan salla, Baba ya ce ƙafa ce. Kuma bai sake durƙusawa a ƙofar Kaka ba. Yakan zo daidai wurin ya rage tafiya, sai ya wuce. Ita tana jin takunsa, ta san shi cikin dubu, amma ba ta kira shi ba, ba ta kuma tambaye ni ba. Wannan shi ke cin raina fiye da surutun kasuwa. Uwa da ɗa, bango ɗaya tsakaninsu, kowa ya yi gum.

Mubarika

Kano
Watan Muharram

'Yar'uwata Mubarika,

Salamu alaikum. Ba zan tambayi lafiyarku ba, na ji. Allah ya ƙara wa yaron sauƙi.

Na rantse da Allah ban sani ba. Ban taɓa jin an yi tela a gidan nan ba. Na sa an cire karatun daga inda muka ɗora shi, amma yana cikin wayoyin mutane, magana zarar bunu ce. Ke ma ki yi min adalci, ke kika rubuta cewa ba ta ce a'a ba, kika kuma yi shiru wata da watanni. Ba ina ɗora miki ba ne, ina so ki san ban yi don cin mutunci ba. Kawu ne ya riƙe ni a hannu ya kai ni makarantar allo.

Na je wurin malaminmu na warware masa komai ban kira suna ba. Ya ce a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne. Tun da aka haifi Kawu cikin aure, kuma kakanmu bai taɓa kore shi ba, to ɗansa ne duniya da lahira, ba wanda ya isa ya taɓa nasabarsa ko limancinsa. Ki karanta masa wannan.

Ga kuma shawara. Duk maganar nan a kan suna ɗaya ta rataya, Hajiya Shifa kuwa kowa ya san ta rikice. Kaka ta faɗi sunan nan sau ɗaya a gaban mutane, ta ce ɗabi'a ce kawai ta tsufa. Ni kuma in yi magana da muryata a tura ko'ina, in ce ƙarya na shirya. Kalma ɗaya ce, Mubarika, ba za ta gagare ta ba saboda ɗanta.

Ki roƙar min gafarar Kawu.

Muftahu

Maamobi, Akra
Watan Safar

Muftahu,

Salamu alaikum. Yaron ya warke, ya koma makaranta. Kaka tana nan da rai.

Gaskiya ne na rubuta ba ta ce a'a ba. A takardar nan kuma na rubuta ta juya fuskarta bango, na ce ka dakata. Kai ka ɗauki layin da kake so, ni kuma na ga tsohuwa ta kasa shan kunu na ce azumi ne. Kada mu ɓata tawada a kan wa ya fi laifi.

Na karanta wa Baba takardarka. Maganar malaminku ya ce ya sani, shi ma ya karantar da ita, ya sha raba gardama da ita a gidajen mutane. Ya ce shi ba hukunci yake nema ba. Amma shawararka ta shige shi, na ga fuskarsa ta saki karo na farko tun babbar salla. Da na san inda za ta kai mu da na tsallake wurin.

Ranar Juma'a da hantsi ya sa farar riga, ya aika aka kira Bashiru ladan da dattawan masallaci biyu, ya ce su jira a zaure. Ya zo ƙofar Kaka ya durƙusa kamar da. Ina ciki ina shafa mata mai a ƙafa, na tashi zan fita ya ce in zauna. Ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi ƙafarsa. Sai ya ce:

"Mma, dattawa suna zaure. Ba na tambayar ki komai na baya. Ki ce Husseini kawai, yadda kike cewa ruwa, yadda kike cewa gishiri. In shigo da su su ji, magana ta mutu."

Ina riƙe da ƙafarta. Ni a raina roƙonta nake, ki faɗa mana, Kaka, me ya rage. Wallahi na ga ta buɗe baki, na ga leɓenta ya shirya. Sai ta rufe.

Ta ce, "Sumaila, na dafa wa Zulkarnaini, na wanke masa, na yi jinyarsa, na yi masa takaba. Bai taɓa yi min gori ba, bai kuma taɓa yi min murmushi ba. Duk abin da ake bin mace na biya. Wannan ɗaya na riƙe."

Baba ya ce, "Ko don ni, Mma?"

Ta ce, "Ba zan kira sunan ubanka ba."

Ba wanda ya yi kuka. Baba ya ce na gode, Mma, kamar ta ba shi goro. Ya dafa bango ya miƙe, ya fita zaure ya ce wa dattawa su yi haƙuri ya tara su a banza. Ya ciro mabuɗin masallaci daga aljihu ya ba Bashiru. Sun roƙe shi, sun kawo masa maganar da malaminku ya kawo, ya ce ya ji. Ya ce mutumin da ya gina masallacin nan ya ciyar da shi shekara da shekaru yana sane, ba zai ƙara cin wani abu nasa ba.

Washegari ya haɗa kayansa zai koma unguwar Malam, can hanyar Winneba, wurin yayata, inda ba a san shi ba. Bai shiga ya yi wa Kaka sallama ba. Ita ma da ta ji ana jan akwati ta ce in rufe mata ƙofa, iska na damunta.

Mun raka shi bakin titi neman trotro, motar hayar nan tamu, ni da ƙanena Babana. Ka san sunan kakanmu aka sa masa, kuma tun ranar suna Baba bai taɓa kiran sa da shi ba, ko a cikin fushi. Yanzu ga shi da gemu da 'ya'ya uku, rabin unguwa ba su ma san yana da wani suna ba. Mota ta tsaya, yaron mota yana ta kiran fasinja. Baba ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya waiwayo ya dubi ɗansa, ya ce, "Zulkarnaini, miƙo min jakar."

Ƙanena bai gane da shi ake ba. Sai da ya waiga bayansa.

Kada ka zo hutun nan, kuma kada ka rubuto sai na neme ka. Ka gaida Fauziya da yara.

Mubarika